Shanshera Da Ke Ƙetare Iyaka: Fasinjan Da Ba Ya Biyan Kuɗin Duwan

Tun daga watan Agusta na 2019, lokacin da Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa da sunan hana fasa-ƙwaurin shinkafa, kusan duk wata hira da ake yi kan shinkafa a kasuwanninmu na bakin iyaka ba ta wuce farashi, da duwan, da hanyar da za a bi. Idan dai ba a manta ba, an buɗe Illela da Maigatari a Disamba 2020, Jibiya da Kamba kuwa sai a Afrilu 2022. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yamai na Yuli 2023, Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris 2024, sannan a Oktoba 2024 hukumomin Nijar suka hana fitar da shinkafa da sauran hatsi, in ban da zuwa Mali da Burkina Faso. A duk wannan rufe-buɗe buhu bai daina tafiya ba. Ya dai sauka daga kwalta ya koma hanyar daji, a kan babur da amalanke da kwalekwale.

To amma akwai wani fasinja da ke bin buhun shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba, wanda babu ma'aikacin duwan ko na kwastan da ya taɓa tambayarsa takarda. Wata fumfuna ce da ido ba ya gani, wadda masana ke kira Pyricularia oryzae, wasu kuma Magnaporthe oryzae. Malaman gona masu Faransanci suna ce wa cutar da take kawowa pyriculariose. Mu a nan bari mu kira ta cutar ƙunar shinkafa, domin gonar da ta kama da ƙarfi tana yin kamar wuta ta bi ta kanta. An same ta a ƙasashe kusan 85, kuma lissafin da masana suka fi ambata shi ne tana cinye kashi 10 zuwa 30 cikin ɗari na shinkafar da ake nomawa a duniya kowace shekara, abin da zai ciyar da mutum miliyan 60.

Manomi ya san alamarta ko da bai san sunanta ba. A ganye takan fito da tabo mai siffar ido, tsakiyarsa toka-toka, bakinsa ja-ja. Wannan da sauƙi. Babbar ɓarnar tana zuwa ne lokacin da ta kama wuyan zangarniya, wajen ya yi baƙi ya ruɓe, abinci ya daina hawa zuwa ƙwaya, zangarniyar ta yi fari fat ko ta karye ta rataya. Ana yawan rikita wannan da aikin tsutsar kara, amma bambancewa ba wuya: in tsutsa ce, da ka ja zangarniyar sai ta zare a hannunka da gindi a cinye, in ƙuna ce ba ta zarewa, sai dai ka ga baƙin a wuya. Shansherar da ta fito daga irin wannan gona ba ta da nauyi, rabinta ƙaiƙayi ne, abin da ya yi ƙwaya kuma yana farfashewa a injin casa. Duk wanda ya taɓa sayen buhu cike ya kai inji ya ga abin da ya fito bai kai lissafinsa ba, wataƙila ya riga ya biya wa wannan cuta haraji bai sani ba.

Yadda take shiga ganye ma abin mamaki ne. Ƙurar irinta takan sauka kan ganye mai raɓa, ta tsiro, ta yi wani ɗan kumburi da ke tara ƙarfin da ya ninka iskar tayar mota sau 40, da shi take huda fatar ganyen. Cikin kwana 4 zuwa 5 tabo ya bayyana, tabo ɗaya kuma yana iya fitar da dubban ƙura a dare ɗaya. Tana son dare mai sanyi-sanyi, da raɓar da ke daɗewa ba ta bushe ba, da shinkafar da aka cika wa takin yuriya har ganyenta ya yi laushi.

Ba cuta ɗaya ba ce

Abin da ya sa wannan sharhi shi ne wani abu da binciken shekaru 20 da suka wuce ya fito da shi fili, wanda kuma ya shafi ɗan kasuwa kai tsaye: wannan fumfuna suna ɗaya gare ta, amma dangi-dangi ce, kuma dangin da ke addabar wata fadama ba lalle ne shi ke wata fadamar ba.

A 2005 aka kammala karanta dukan ƙwayoyin gadon fumfunar, aka ƙirga kimanin 11,000. Daga nan aka sami damar kwatanta samfurin wata ƙasa da na wata, kamar yadda ake bin salsalar mutane. Binciken da masanan cibiyar CIRAD ta Faransa da abokan aikinsu suka buga a 2014 ya nuna cewa tushenta yana kudu maso gabashin Asiya, wajen kudancin Sin da Lawos da arewacin Tailan. Wani da aka buga a 2022, wanda ya duba samfuri kusan 900 daga sassan duniya, ya raba ta gida 4. Gida ɗaya, wanda ya fi yawa a can tushen, yana barbara: jinsi biyu na fumfunar suna haɗuwa su haifi 'ya'ya masu gado gauraye, shi ya sa iri-irinta ya fi yawa a can. Sauran gida 3 su ne suka watsu a duniya, kuma ba sa barbara, kwafin kansu kawai suke yi, kamar yadda ake dasa rogo da itacensa. An kiyasta cewa bazuwar waɗannan gidaje 3 ba ta daɗe ba, cikin 'yan ɗaruruwan shekarun nan ne, wato zamanin da jiragen ruwa suka riƙa yawo da irin shuka daga nahiya zuwa nahiya.

Nan ne batun ya zo gida. Ƙurar fumfunar ba ta tafiya mai nisa da kanta. Mafi yawanta tana sauka ne kusa da inda ta tashi. Abin da ke kai ta nesa shi ne iri, domin tana maƙalewa a ɓuntun ƙwayar shinkafa ta jira a shuka ta. Wani bincike kan samfuran Afirka da masana na Benin da na AfricaRice da CIRAD suka buga a 2021 ya gano cewa fumfunar Afirka ta Yamma ta bambanta ƙwarai da ta Afirka ta Gabas da ta Madagaska, cewa ba sau ɗaya aka shigo da ita nahiyar ba, kuma akwai alamun ƙaura tsakanin ƙasashe maƙwabta. Sun sami jinsin nan biyu duka a Afirka, amma ba su ga shaidar barbara ba. Wannan labari ne mai daɗi, sai dai ba tabbaci ba ne na har abada, domin gidan nan mai barbara yana nan a Asiya, kuma iri bai daina zuwa daga can ba.

Ƙaura tsakanin ƙasashe maƙwabta. Mai karatu da ke zaune a Gaya ko Kamba ko Malanbil ba ya bukatar a fassara masa wannan.

Dabarar sauya buhu

Me ya sa yawan dangi ya zama matsala? Sai mun duba yadda shinkafa ke kare kanta. Irin da ake cewa yana jure ƙuna yana ɗauke da wata ƙwayar gado da ke aiki kamar ma'aikacin da aka tsayar a shinge aka ce masa: duk buhun da ka gani da tambari kaza, ka kama. Fumfuna na shigowa da wannan tambari, shinkafa ta gane ta, ta kashe ɗan wajen da ta shiga, cuta ta tsaya nan. Amma ma'aikacin tambari kawai ya sani, bai san abin da ke cikin buhu ba. Ranar da aka sami fumfuna ɗaya cikin miliyoyi wadda ta yar da tambarin ko ta sauya shi, sai ta wuce shinge salin-alin. Ba sai an yi wa 'yan kasuwar iyaka dogon bayani kan juye kaya daga buhu zuwa buhu ba. Kuma wannan fumfuna ta ƙware a kai, domin ƙwayoyin gadon da ke yin tambarin suna zaune ne a wuraren da gadonta ke yawan sauyawa, ko da ba ta yi barbara ba.

Idan gonakin yanki duka iri ɗaya suka shuka, wannan ɗaya da ta wuce ta sami fili ita kaɗai, cikin damina 2 ko 3 ta zama ita ce mai gari. Koriya ta Kudu ta ɗanɗana wannan. A shekarun 1970 gwamnati ta tura manoma ga wani sabon iri mai yawan amfani da ake kira Tongil da danginsa, har suka mamaye fiye da kashi 70 cikin ɗari na gonakin shinkafar ƙasar. A 1978 wani sabon launin ƙuna ya keta kariyarsu ya yi ɓarna mai yawa, sanyin 1980 ya ƙarasa, manoma suka juya wa irin baya. Japan ma ta sha fitar da iri mai juriya ya faɗi cikin 'yan shekaru kaɗan.

Yanzu a dubi namu gonakin. A arewacin Nijeriya, musamman tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma bashi na Babban Banki a Kebbi cikin Nuwamba 2015, sunan da ke bakin kowa shi ne FARO 44, irin da asalinsa daga Taiwan yake. Masu injin casa suna son sa saboda doguwar ƙwaya, mai saye yana ba shi farashi, don haka manomi ba ya ganin dalilin shuka wani. A gandayen ONAHA na bakin kogin Kwara sunaye kaɗan ne ke yawo shekara da shekaru, irin su IR 1529 da Gambiyaka. A gandayen SEMRY na Yagwa da Maga a arewacin Kamaru, inda 'yan kasuwar Nijeriya suka daɗe suna ɗibar shanshera, IR 46 ya daɗe yana riƙe da fili. Kasuwa ce ta zaɓi wannan daidaito, ba manomi ba, kuma babu abin da fumfuna ke so kamarsa.

Wani hanzari ba gudu ba: kada a ɗauka ana cewa ƙuna ce babbar cutar kowace gona a yankinmu. A gandayen noman rani na Sahel, inda rana ke da zafi raɓa kuma ke saurin bushewa, cutar rawayar ganye mai dabbare-dabbare da cutar bushewar ganye sun fi damun manoma, musamman a Nijar. Ƙuna ta fi ƙarfi a shinkafar tudu da ta fadamun damina, daga kudancin Kebbi da jihar Neja, zuwa arewacin Benin da yammacin Burkina Faso. Sai dai ai daga waɗannan wurare ne shanshera da yawa ke tasowa, kuma damina mai yawan ruwa da hazo tana iya mai da fadamar Dosso ko ta Maraɗi wajen da cutar za ta ji daɗi.

Wane buhu ne ke da haɗari? A ganina an daɗe ana kallon inda bai kamata ba. Farar shinkafar Indiya ko Tailan da ke saukowa Kwatano, wadda aka yi ta rigima a kanta, an cashe ta, an cire ɓuntu, wata ma an turara ta, kuma tukunya za ta, ba gona ba. Matsalarta ta farashi ce. Shinkafar gumi da matanmu ke turarawa ita ma ba ta tsirowa. Haɗarin yana cikin shansherar da aka sayo don inji, sannan da damina ta matso aka ɗebi wasu buhuna aka ajiye gefe aka ce iri ne, wai daga wuri kaza ya zo, wai ya ba da buhu kaza a kadada. Mai sayarwa ba ƙarya yake ba, wataƙila a can ɗin ya yi kyau. Amma ya yi kyau ne a gaban dangin fumfunar can. A nan zai iya tarar da dangin da ya fi ƙarfinsa, ko kuma shi ya kawo wa irin gida dangin da bai taɓa gamuwa da shi ba. Shi kuma ɗan kasuwar da ya ba manomi iri da taki bashi don a biya shi da shanshera a kaka, shi ne na biyu da zai yi kuka bayan manomin.

Darasin alkama

Wanda yake ganin wannan zance ne na ɗakin bincike, ya dubi abin da ya faru da alkama. Wani reshe na wannan fumfuna ya fara kama alkama a jihar Parana ta Barazil a 1985, ya zauna a Kudancin Amurka shekara 30. A Fabrairu 2016 sai ga shi a Bangaladash, ya kama kimanin kadada 15,000, har aka riƙa cinna wa gonaki wuta. Jihar Bengal ta Yamma a Indiya ta hana noman alkama a tsawon kilomita 5 daga iyakar Bangaladash, ta kuma dakatar da nomanta na wasu shekaru a gundumomin Murshidabad da Nadiya. A 2018 aka gan shi a gundumar Mpika ta Zambiya, karo na farko a Afirka. Binciken ƙwayoyin gado da aka buga a 2023 ya nuna cewa na Bangaladash da na Zambiya zuriya ɗaya ce daga Kudancin Amurka, kowanne kuma ya iso ta tasa hanyar. Iska ba ta ɗauko ƙura daga Barazil zuwa Zambiya. Abin da masana suka fi zargi shi ne hatsi ko irin da aka yi fatauci. Wannan bincike ya kuma nuna cewa a ɗakin gwaji baƙon na iya barbara da fumfunar da ke kama tamba a Afirka. Masu noman alkama a Kano da Jigawa da Birnin Ƙonni suna da kariyar bushewar hunturu, amma ya kamata su riƙa tambayar inda irinsu ya fito.

Abin da ya yi aiki

Ba a rasa mafita ba, kuma mafi kyawunta ba ta da tsada. A lardin Yunnan na ƙasar Sin, wani masani mai suna Zhu Youyong da abokan aikinsa sun shawo kan manoma su riƙa shuka layi ɗaya na shinkafarsu mai danƙo, wadda ƙuna ke ci, tsakanin layukan wani iri mai juriya. An yi haka a kadada 812 a 1998, aka faɗaɗa zuwa 3,342 a 1999. Sakamakon da aka buga a 2000 ya nuna tsananin cutar a kan mai danƙon ya ragu da kashi 94 cikin ɗari, amfaninta ya ƙaru da kashi 89, har manoman suka daina fesa magani. Lardin Niigata na Japan kuwa tun 2005 ya koma shuka shahararriyar shinkafarsa Koshihikari a gauraye: ƙwaya iri ɗaya a ido da baki, amma kowane kaso da nasa mai gadi a ciki, ana kuma sauya haɗin lokaci-lokaci. Wannan ta biyun ita ta fi dacewa da kasuwa irin tamu, inda mai inji ba ya son buhu mai gauraye.

Kakanninmu ma ba su shuka iri ɗaya ba. Jar shinkafar Afirka, wadda aka fara nomawa a bakin kogin Kwara a ƙasar Mali ta yau shekaru kusan 3,000 da suka wuce, iri-iri ce a fadamun Sakkwato da Argungu. Daga cikin irin da masana na duniya ke komawa gare su don neman juriya mai ɗorewa akwai Moroberekan, shinkafar tudu ta Afirka ta Yamma, wadda ƙarfinta bai rataya ga mai gadi ɗaya ba. Gwaje-gwajen da aka yi da samfuran fumfunar Afirka sun nuna wata ƙwayar gado mai suna Pi9, da aka samo daga wata shinkafar daji, tana tare mafi yawansu. Amma in aka sa ta ita kaɗai a ko'ina, ita ma ranarta na zuwa.

Maganin feshi yana aiki in an yi shi a kan kari, wato gab da fitar zangarniya, ba bayan wuya ya yi baƙi ba. Shi ma yana da iyaka. A Japan an sami fumfunar da ta daina jin wani rukuni na maganin tun daga 2012, Tarayyar Turai kuma a 2017 ta rage yawan ragowar maganin tricyclazole da ta yarda a samu a shinkafa zuwa kusan babu, abin da ya girgiza masu fitar da basmati a Indiya. Masu sayar da taki su ma su san cewa shawarar "ƙara buhu ɗaya na yuriya" a lokaci guda tana iya zama gayyata ga cutar. Raba takin kashi-kashi ya fi.

Saura batun hukuma. Tun a Mayu 2008 ƙasashen CEDEAO suka amince da doka ɗaya kan ingancin iri da fataucinsa, wadda UEMOA da CILSS ma suka shiga, domin irin da aka tantance a wata ƙasa ya iya shiga wata da takardarsa. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga CEDEAO a Janairu 2025. Abin tambaya a nan shi ne, wa zai riƙa bin sawun abin da ke ƙetarewa, alhali fadamar Gaya da ta Kamba ruwa ɗaya suke sha? INRAN a Nijar, da cibiyar Badeggi a Nijeriya, da INERA a Burkina Faso suna da masanan da suka iya ɗaukar samfuri, AfricaRice kuma tana haɗa su. Amma irin wannan aiki ba a yin sa sau ɗaya a naɗe hannu, tun da fumfunar da aka auna shekara 10 da suka wuce ta riga ta haifi jikoki masu wani tambari. Kowace rufe iyaka kuma tana tura buhun iri zuwa hanyar da babu malamin gona ko ɗaya a kanta.

Kafin hukumomi su daidaita, abin da ke hannun ɗan kasuwa bai da yawa amma yana da tasiri. Shansherar inji ta tafi inji. Abin da za a sayar a matsayin iri a san gonar da ya fito, a san ko an ga farar zangarniya a cikinta, in da hali a nemi mai takardar tantancewa. Manomi ya jiƙa irin a ruwan gishiri ya zubar da wanda ya taso, ya ɗauraye sauran, ya gauraya shi da maganin iri kafin shuka. Sabon iri daga nesa kuma a fara gwada shi a fangali ɗaya ko biyu, a bar shi ya ga damina guda a wannan ƙasa kafin a ba ƙauye duka bashinsa.